Ka Yabi Ɗanka Kafin Daji Ya Yabe Shi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Mafara ko Bakura ko Maradun shekaru hamsin baya ya san ranar gayya. Tun da jijjifi samari za su hallara a bakin gona, kowa da galmarsa a kafaɗa, makaɗi yana biye da gangar noma. Idan rana ta take, gumi ya jiƙa kowa, sai ka ga wani saurayi ya fara ja baya, kuyyarsa ta karkace, numfashinsa yana fita sama-sama. Nan ne makaɗi zai matso kusa da shi. Ba ya ce masa rago. Zai kira sunansa, ya kira na ubansa da na kakansa, ya tuna masa wata gona da ya taɓa kaiwa ƙarshe shi kaɗai. Na sha gani da idona, yaron da kowa ya ce ya gaji sai ya zabura, ya wuce na gabansa, ya riga kowa fita. Furar da aka dama ɗaya ce, kowa ya sha daidai da kowa. Abin da aka ƙara masa kawai an ambaci sunansa da alheri a gaban jama'a.

Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Bakura ya zauna Maradun, da irin wannan kiɗa ya fara, yana yaro yana bin mahaifinsa yana amshi, tun kafin fadar Sarkin Kaya da sauran fadoji su san muryarsa. Ya rasu a 1991, kuma gangar noma ma ta kusa bin sa, don yanzu da wuya ka ji ta. Amma abin da makaɗan nan suka gane game da zuciyar saurayi yana nan bai canza ba, mu iyaye ne muka mance.

Na yi shekara 35 ina riƙe da alli, na koyar da 'ya'yan mutane har wasu sun zama manya. Duk da haka sai da ɗan cikina ya bar gida wata huɗu kafin in fahimci abin da zan faɗa muku. Shi ya sa ba daga kan mumbari nake magana ba, daga kan tabarmar da muke zaune tare ne.

Bari in fara da mahaifina, Allah ya jiƙansa. An gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ina ɗan shekara 15. Masu shekaruna sun san abin da ya biyo baya. Ana baje ƙasa ana haƙa kanal, manoma da yawa suka yi damina ba su shuka ba, batun diyya ya ja, har a watan Afrilun 1980 aka kai ga zubar da jinin manoma, abin da har yau tsofaffinmu ba sa son tunawa. Gidanmu bai rasa rai ba, amma rumbunmu ya yi ƙasa sosai. Wata rana bayan sallar isha'i mahaifina ya kira ni zaure, ya sa na zauna kusa da shi, abin da bai saba yi ba. Ya ce: “Dame goma sha ɗaya ya rage muna, kuma mu goma sha huɗu na cikin gidan ga. Ban hwaɗa maka don ka ji tsoro ba. Na hwaɗa maka don na ga kana da kai.” Washegari ya miƙa mini igiyar jakinmu, ya ce duk ranar Talata in tafi kasuwa in yi dakon kaya, sauran ranaku in tafi makaranta.

Ranar farko naira 2 na kawo. Ya jira sai da kawuna ya shigo, sannan ya ƙirga kuɗin a gabansa, ya ce: “Ka ga abin da yaron ga ya kawo? Cefanen yau nashi na.” Na karɓi albashi sau ɗaruruwa bayan wannan, ban taɓa riƙe kuɗin da ya yi mini nauyi a hannu kamar wannan naira 2 ba. Mutumin nan bai iya karatun boko ba, kuma ba shi da abin da zai ba ni. Ya gaya mini gaskiyar halin gida, ya ba ni aikin da ake bukatarsa da gaske, ya yabe ni a gaban wanda nake jin kunya. Da waɗannan ya riƙe ni a shekarun da wasu sa'o'ina suka watse.

Ni kuwa da na zama uba, ga abin da na yi.

Shekarar 2023 ta zo mana da nauyi biyu. Da farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mutum na da kuɗi a banki yana kwana da yunwa. Ran 29 ga Mayu kuma aka cire tallafin man fetur. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta ninka kusan sau uku cikin kwanaki, kafin shekara ta gaba ta ƙare ta haye 1,000. Ga manomin rani wannan ba labarin rediyo ba ne, don injin ban ruwa fetur yake sha, kuma taki da kuɗin mota da tiyar hatsi duk suka bi sahu. Ni a lokacin na ajiye aiki, haƙƙina bai fito ba, ina kwana ina lissafin da ba ya haɗuwa. Cikin wannan hali sakamakon jarrabawar ɗana ya fito, yana ɗan shekara 17. Bai ci lissafi ba, bai ci Turanci ba. Ya kawo mini takardar a tsakar gida, ƙannensa na zaune, ga baƙo. Na duba, na ce masa: “Kai dai asara ne. An kashe maka kuɗi a banza. Dubi ɗan wane.” Bai ce uffan ba, ƙasa kawai yake kallo. Bayan kwana tara aka wayi gari shimfiɗarsa ba kowa.

Daga baya muka ji ya bi wasu samari zuwa ramukan zinariya can bayan Anka. Duk ɗan Zamfara ya san abin da wannan ke nufi. Mun tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Mun san a lokacin haƙar tana ƙarƙashin haramcin da gwamnatin tarayya ta sa a Afrilun 2019, kuma mun san su wa ke da iko da hanyoyin dajin. Wata huɗu ba mu ji muryarsa ba. Duk wayar da ta yi ƙara da lambar da ban sani ba sai gabana ya faɗi, in ce ga masu neman kuɗin fansa. Ina ta ɗora laifi a kan talauci da abokan banza, har wani dare mahaifiyarsa ta ce mini: “Malam, ka yi haƙuri da abin da zan hwaɗi. Yaron ga ya saba da yunwa, tare muke jin ta. Abin da bai saba da shi ba, a ce mai asara gaban ƙannenai.” Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita.

Allah ya dawo mana da shi, ya rame, yana tari, da tabo a bayan hannu. Sai da ya yi makonni yana jinya kafin na iya tambayarsa abin da ya zaunar da shi a wurin da ake kwana a ƙasa, ana shan ruwan kududdufi. Ya yi shiru, can ya ce: “Baba, can in ka hito da buhu daga rami, mai ramin yakan dahwa kahwaɗarka ya ce kai namiji ne.”

Wannan magana ita ce dalilin rubutun nan. Mutumin da bai san ranar da aka haifi ɗana ba, bai taɓa kwana a kansa yana zazzaɓi ba, wanda in ramin ya rufta da shi gobe zai sa wani, shi ne ya ba shi kalmar da ni na hana shi shekara 17. Kuma mai rami ba shi kaɗai ne ya iya wannan ba. Ɗan siyasar da ke neman 'yan banga ya iya. Mai sayar da ƙwaya a bayan tasha ya iya. Mutanen daji ma, idan suna neman yaron da zai riƙa kai musu burodi da fetur da labarin wanda ya sayar da sa a kasuwa, ba da bindiga suke farawa ba. Da 'yan dubbai suke farawa, da cewa kai namu ne, kai ba ka da tsoro. Yaron da ake kira infoma yau, ana neman ransa, jiya yaron wani gida ne da ya daɗe ba a kira sunansa ba sai za a zage shi. Ba na cewa duk wanda ɗansa ya lalace shi ya jawo, akwai jarrabawa daga Allah da ke samun gidan da ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma Hausawa sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi, kuma duniyar da ke jiran 'ya'yanmu a bakin gari yanzu ba mai tausayi ba ce.

Abu na farko da na yi shi ne mafi wuya: na ba shi haƙuri. Na san yadda wannan ke yi wa Bahaushe nauyi a baki. Na kira shi zaure, na ce maganar da na faɗa ranar nan ba gaskiya ba ce, ɓacin ran rashin kuɗi ne na sauke a kansa, kuma ya yafe mini. Ya yi kuka, ni ma na yi. Girmana bai ragu da ƙwayar gero ba a gidan, sai ma na lura ƙannensa sun fara matsowa kusa da ni.

Da na ba da wannan labari a majalisarmu, wani aminina ya ce yabo ɓata yaro yake yi, mu da bulala aka tashe mu kuma ga mu mun zama mutane. Na ce masa mu tuna da kyau. Gaskiya ne akwai bulala, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai gayauna. A gidan gandu, saurayi na yi wa gida aiki a babbar gona, amma uba yakan yanka masa 'yar gona tasa ta kansa, ya ba shi lokacin da zai yi mata aiki. Abin da ya noma a can nasa ne. Shi zai yanke shawarar gyaɗa zai sa ko wake, shi zai sayar, shi zai ɗinka rigar salla, daga nan yake fara tara abin aure. Idan ta yi kyau gari ya gani, idan ta lalace ya koyi darasi ba tare da gidan ya kwana da yunwa ba. Yarinya kuma tana da akuyarta ko kajinta, tana da adashinta. Iyayenmu ba sa yawan cewa sannu da ƙoƙari da baki, amma gayauna kanta magana ce: na yarda da kai. Mu kuma muka riƙe bulalar da faɗan, muka yar da gayaunar. Gonaki sun ƙaranta da rabon gado, na nesa kuma ba a iya zuwa sai da fargaba ko da biyan haraji ga ɓarayin daji. Sai saurayi ya kai shekara 18 bai taɓa mallakar komai ba, bai taɓa yanke shawarar da aka bi ba, ana ce masa ba shi da hankali. Ina zai samo shi, alhali ba a taɓa ba shi wurin gwada shi ba?

Don haka na yanka wa ɗana gayauna. Ina da 'yar gona a bakin kanal, na ware masa kusurwa guda ya sa albasa. Na ba shi rancen iri da taki da kuɗin mai, na ce rance ne, kuma shi zai riƙe littafin. Na yi wa kaina alkawarin ba zan sa baki ba sai ya tambaye ni. Wannan ma ya yi mini wuya, don na ga ya yi dashe da wuri, na haɗiye maganata. Wani sashe ya ƙone, ya zo da kansa ya tambayi dalili, muka zauna muka duba tare. A nan na ga abin da ya ba ni kunya a matsayina na malami: yaron da aka ce bai ci lissafi ba yana fitar da kuɗin mai na sati da na leburori da ribar buhu da ka, kafin in gama neman alƙalami. Na gaya masa haka, a gaban mahaifiyarsa. Ya sake zama jarrabawar 'yan waje, ya ci lissafi, Turanci ya sake kuɓuce masa. Zai ƙara gwadawa, don ransa na kan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan garinmu Talata Mafara. Ban san ko zai samu bana ko baɗi ba, amma yanzu idan ya faɗi, gida yake dawowa.

Gayaunar zamanin nan ba dole ta zama gona ba. Teburin cajin waya ne, ko kusurwar shago, ko tunkiya ɗaya ta kiwo zuwa layya, ko keken ɗinki, ko ka kai shi wurin mai walda ko mai haɗa sola ka ce ga ɗana, sannan ka riƙa leƙawa kana tambayar abin da ya koya. Wanda ba shi da ko wannan, ya ba yaro riƙon cefanen gida na sati guda, ya bar shi ya yi ciniki, ya kawo lissafi. Sharaɗin kawai abin ya zama na gaske, wanda in ya yi sakaci za a ji a jiki. Samari suna gane aikin da aka ƙirƙira don a ɗauke musu hankali, kuma suna gane yabon ƙarya. Idan ka ce wa yaro ya fi kowa alhali ya san bai fi ba, ka koya masa cewa maganarka ba ta da nauyi. Makaɗin noma ba ya ƙirƙiro wa saurayi gonar da bai noma ba, wadda ya noma yake tuna masa. Ka ce: na ga yadda ka ɗaure buhunan nan, ko ɗaya bai zube ba. Ka ce: na ji ka tashi asuba ba a tashe ka ba. Ƙaramin abu ne, amma ya san ka gani.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ba da shaidar cewa Manzon Allah bai taɓa yi masa tsaki ko gori kan abin da ya yi ko ya bari ba. Usama ɗan Zaid bai kai shekara 20 ba aka ba shi jagorancin rundunar da manyan sahabbai ke cikinta. A ƙasarmu ma, Abdullahi ɗan Fodiyo yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi hannun wansa Shehu Usmanu, ya riƙa tafiya da shi wa'azi har cikin Zamfara, inda suka zauna a Faru ta ƙasar Maradun. Da Shehu ya tsaya jiran sai ƙanen ya girma kafin ya ja shi a jiki, da ba mu sami malamin da muka samu ba.

Batun 'ya'ya mata ya fi wannan ciwo. Ran 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 279 daga makarantar 'yan mata ta Jangebe, a nan ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako su ran 2 ga Maris. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun, aka rufe makarantu. Uban da ya ce bayan wannan 'yarsa ba za ta ƙara kwana a makaranta ba, ba zan zarge shi ba, don na san abin da zuciyarsa ta gani. Abin da nake roƙo shi ne kada tsoronmu ya zama hukunci a kanta. Ɗiyar ƙanena tana aji huɗu a lokacin, ubanta ya ce ta zauna gida a nemi miji. Yarinyar ta daina magana, ta daina cin abinci sosai, ana cewa iska ce. Gwaggonta ce ta zauna da ita ta gano burinta aikin jinya ne, kuma ta ɗauka an cire ta ne don ba ta da ƙoƙari, ba wanda ya gaya mata tsoro ne. Da uban ya faɗa mata da bakinsa cewa ya san ƙwazonta, tsoro ne ya kama shi, aka samo makarantar jeka-ka-dawo a cikin gari. Yanzu tana shirin neman kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe.

Ku iyaye mata, ina da magana da ku, cikin girmamawa. Akwai kalmar da ke fita daga baki cikin gajiya, amma tana tura yarinya inda ba a so: sa'o'inki duk sun yi aure, ko ƙawarki wance ita ke yi wa uwarta cefane. Idan yarinya ta ji wannan sau uku, za ta nemo kuɗin cefanen, kuma ba za ta gaya miki daga ina ba. Dama ga anko kowane biki, ga hotunan kayan ɗaki da lefe a TikTok da WhatsApp, ga ƙawa mai sabuwar waya. Duk rana tana auna kanta da mudun da ba na gidanku ba. Idan ta dawo daga talla ko makaranta, ta samu aƙalla mutum ɗaya da zai tambaye ta yadda ta wuni kafin ya tambayi ciniki. Idan kuwa kin ga abu a hannunta da ba ku kuka saya ba, ki tambaya ranar, a hankali, a ɗaki.

Samari ma suna da nasu mudun. Garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna: Ahmad Sani daga Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara a 2011, Bello Matawalle daga Maradun a 2019. Yaronmu ya tashi yana ganin jerin motoci ranar salla da ranar ɗaurin aure, ya san gidajen da hasken lantarkinsu ba ya ɗaukewa, sannan ya koma gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Idan ba a nuna masa wani ma'auni ba, zai ɗauka mutum ko dai mai mota ne ko ba kowa ba. Aikinmu ne mu riƙa ambaton mutanen kirki na unguwa a gabansa da girmamawa: makanikin da ba ya cin amana, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, manomin da ya aurar da 'ya'ya bakwai da shinkafar fadama. Yaro yana sauraron wanda ubansa ke yabo, ko da ya yi kamar hankalinsa na kan waya.

Waya ta tuna mini da wani abu. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a duk jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako. Mun sha wuya, ciniki ya tsaya, ba ka jin labarin ɗan'uwa. Amma a makonnin nan na ga yara sun dawo tabarma bayan isha'i, ana hira, kaka tana tatsuniya, samari na tambayar labarin da. Da layi ya dawo kowa ya koma ɗakinsa, har da ni. Na yi sakaci da abin da Allah ya nuna mini a lokacin, da na riƙe shi wataƙila da ban faɗi abin da na faɗa bayan shekara biyu ba. Ƙwace waya daga hannun ɗan shekara 16 ba ya magani, zai ari ta aboki. Zama kusa da shi ka ce ya nuna maka abin da yake kallo, ko ya koya maka tura kuɗi, ya fi amfani, don a nan ne za ka ga cacar waya tun tana naira 200.

Akwai kuma wata gaskiya da mu maza ba ma son a faɗa. Da yawanmu muna fita tun asuba, ba ma dawowa sai yara sun yi barci, ba don aiki ya riƙe mu ba. Muna zaune wurin mai shayi ne don gudun a ce babu gishiri, babu kuɗin makaranta. Na yi wannan, na san zafin a tambaye ka abin da ba ka da shi. Amma yaro ba ya fassara rashinka da kunyar talauci, yana fassara shi da cewa ba ka damu ba. Ka dawo gida ko hannunka wayam. Ka gaya wa manyan cikinsu yadda abin yake, kamar yadda mahaifina ya ƙirga mini dame, ba da kuka ko zagin zamani ba, da natsuwar mai neman shawara. Za ka yi mamakin abin da ɗan shekara 15 zai iya ɗauka idan aka ɗauke shi mutum.

In kuma ka ga alamun da ke tsorata ka, barcin rana, jan ido, muryar da ke ja, kuɗin da ba a san tushensu ba, kada ka fara da kora. An haramta maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma ƙwayoyi ba su bar gari ba, kuma yaron da aka kora daga gida wurin mai sayarwa yake kwana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka nemi kawunsa ko malaminsa ko limamin da yake jin nauyi, ku kai shi asibiti idan abin ya kai can. Tsawatarwa tana nan, ban ce a bar ta ba, yaron da ya yi sata ko ya bar salla dole ya ji a bakin ubansa. Amma a yi ta a keɓe, a kan abin da ya aikata, kada a taɓa asalinsa, kuma kada a yi masa baki. Bakin iyaye ba ya faɗuwa ƙasa, mun sani, to me ya sa muke saurin jefa mugu muna rowar mai kyau?

Ɗan'uwana, cikin 'ya'yanka akwai wanda ka fi yi wa faɗa, ka san shi tun kafin in gama maganar. Yau bayan isha'i ka kira shi, ka sa ya zauna kusa da kai. Ka nemo abu ɗaya na gaskiya da ya yi daidai a satin nan, ka faɗa masa a gaban mahaifiyarsa, ka sa masa albarka da sunansa. Idan bakinka ya yi nauyi, ka dafa kafaɗarsa tukuna, maganar za ta biyo. Ni albasar ɗana ta bana ta nuna, Talata mai zuwa zai kai buhu shida kasuwa. Shi zai yi cinikin, ni zan tsaya daga gefe.